Ɗantsoho da Igiyar Rijiyar Kande

Na Allah ne mu baki ɗaya, kuma wurinSa kowa zai koma. Da hantsin ranar Talata, 17 ga watan Ƙaramar Salla, 1446, wadda ta yi daidai da 15 ga Afrilu, 2025, Allah Ya karɓi ran ɗan'uwana kuma taubashina, Malam Ilu Ɗantsoho na ƙauyen Tudun Aduwa, a ƙasar Sule Tankarkar. Ya rasu a wani asibiti a nan Gumel, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun farkon azumi. Ina zaune a gefen gadonsa rai ya yi halinsa. A ranar muka kai shi gida, aka yi masa sutura bayan la'asar. Ya bar matarsa Kyauta da 'ya'ya da jikoki. Ya kuma bar wata tsohuwar rijiya da ake kira Rijiyar Kande, wadda ba za a iya ba da labarinsa a tsallake ta ba.

Ɗantsoho, mahaifiyarka da mahaifina nono ɗaya suka sha, don haka wasa ne tsakanina da kai tun muna gudu ba wando, kuma mutuwa ba za ta sa in fara yi maka ƙarya ba. Masu zuwa gaisuwa sun yi ta cewa kai mutum ne mai sauƙin kai. Allah Ya ba su ladan zumunci, amma ba su san ka ba. Ni dai ban taɓa ganin mai zargi irinka ba. In an ba ka goro sai ka ɓara ka duba sankara kafin ka yi godiya. In baƙo ya yi maka fara'ar da ta wuce kima sai ka gyara zama ka dafe aljihu. Shekarar da na sami aikin malamin gona na kawo maka sabon irin gero mai saurin nuna, ka karɓa hannu biyu, ka sa mini albarka, sannan ka je ka shuka shi a bayan gida inda in ya ba da kunya ba mai gani. Da ya yi kyau kuma ka ce ai daminar ce ta zo da albarka.

Sana'arka yasar rijiya ce, kuma gadonta ka yi. Daga ƙauyukan Gagarawa har zuwa bakin iyaka, in rijiya ta ja baya ko wani abu ya faɗa mata, kai ake aika wa. A ɗaura maka igiya a ƙugu, ka yi bisimilla, ka sauka cikin duhun da mu ko leƙa shi ba ma son yi. Amma duk rijiyoyin nan, taka ta kanka ita ce Rijiyar Kande, wadda kakarmu Kande ta ba da bijiminta aka haƙa tun kafin a haifi iyayenmu. Kai ka fara gaya mini cewa rijiya rai gare ta. Muddin ana jan ruwanta kullum, idonta a buɗe yake, sabon ruwa na tsattsafowa. In aka daina, ruwan ya kwanta, ya yi wari, laka ta toshe idon, jemagu su tare, bakin ya fara zubewa. Ka ce ba ƙafewa ce ke kashe yawancin rijiyoyi ba, ƙyale su ake yi.

Da ruwan nan ka yi duk alherin da na sani ka yi, domin ba ka da wata dukiya. Goggo makauniya, wadda ba ta da ɗa ba ta da jika, randarta ba ta taɓa bushewa ba har ta koma ga Allah, kuma ba ta taɓa jin ka yi sallama ba, ƙarar zuba ruwa kawai take ji. Makiyayan da ke bi da shanu ta wajenmu ranar Laraba don su ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis sun san komin da ke bakin rijiyar a cike za su same shi. Za ka tsare su da tambaya, daga ina, shanun wa, me ya sa wannan ke ɗingishi, har ransu ya ɓaci, amma ba ka taɓa barin dabba ta wuce da ƙishi ba. Ranar da matata Sharifa ta rasu, ka zo Gumel a kan babur ɗin haya. Ba ka zauna a tabarmar makoki ba. Ka karɓi garwa wurin maƙwabta ka cika duk wani mazubi da ke gidan, ka riƙe kafaɗata jim kaɗan, ka koma. Har gobe ban ji ta'aziyyar da ta kai wannan ba.

Sai wutar sola ta shigo ƙasarmu. Da farko a ɗan kanti muka gan ta, faranti ɗaya a kan rufi ana cajin waya. Kafin mu farga ta cika ko'ina. Fitilun kan titi a Gumel, firjin allurar rigakafi a ɗakunan shan magani na ƙauye, masu ƙanƙara a Maigatari, masu lambun rani da suka jingine injin mai, makarantu, masallatai. In ka bi hanyar Gagarawa Tasha da rana tsaka, ƙyallin farantan da ke kan rufin gidaje har kashe ido yake. Abin da ya fi taɓa mutanen ƙauye kuwa shi ne burtsatse mai sola: a haƙa, a kafa tanki a sama, a jera farantai, rana na fitowa ruwa ya hau da kansa, ba mai, ba hayaƙi, ba igiya. Namu na Tudun Aduwa aka kafa shi jifa ɗaya daga Rijiyar Kande, suna kallon juna.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi rana. Matan da tafin hannunsu ya yi kanta saboda igiya suka huta. 'Yan mata suka daina makara a makaranta. Kowa ya ce madalla, ban da kai. Ranar da aka buɗe famfon, ana ta tafi da guɗa, ka ja ni gefe ka nuna mini abubuwa uku da hannu: ƙarafan famfon iska na zamanin Turawa da fukafukansa suka zube, ɗakin injin dizal da awaki suka mayar makwanci, da tuƙa-tuƙar da hannunta ya karye tun shekarun baya ba a gyara ba. Ka ce: "Ya'u, duk waɗannan da ganga aka kawo su. Da za su tafi, wanne ne ya yi mana sallama?" Na ce wannan daban ce, rana ba ta ƙarewa. Ka ce ba ranar kake zargi ba.

Wanda kake zargin shi ne Abdurra'uf, ɗan marigayi limamin garinmu, magidanci mai iyali, wanda ya koyo haɗa sola ya dawo gida yana yi wa ƙauyuka aiki, aka kuma damƙa masa kula da burtsatsen. Laifinsa a wurinka shi ne yana da abokai a Maigatari, kuma an sha jin labarin farantan wasu garuruwa da suka yi ƙafa suka tsallaka iyaka. Sai ka samo fentin nan da ake yi wa tumaki alama a kasuwa, ka bi bayan kowane faranti ka ɗiga masa ja. Daga nan duk Alhamis ɗin da ka shiga Maigatari sai ka bi layin masu sayar da kayan sola na hannu kana juya farantai kana leƙa bayansu, har suka sa maka suna Baba Mai Dubawa. Ba ka taɓa ganin jan fentinka a can ba. Da na tsokane ka da wannan, sai ka ce ai don sun san kana zuwa ne.

Wasu zarge-zargen naka ma abin dariya ne, kuma na yi dariyar a gabanka. Ka ce fitilar da aka kafa a ƙofar masallaci za ta hana kaji barci su daina ƙwai, kajin Kyauta kuwa suka ci gaba da ƙwansu. Ka ce ruwan da ya wuni a tanki ba ya kashe ƙishi. Ka ce a jira damina a gani, damina ta zo ta wuce famfo na zuba. Amma ko sau ɗaya ba ka fasa abin da ka saba ba. Kullum bayan sallar asuba ka sauko da igiya daga gwafar da ke bakin rijiya, ka zura guga, ka ja, ka kurɓa, ka juye a komi, ka sake zurawa, har sai ka tabbata ruwan jiya ya fita na yau ya shigo. A daidai lokacin nan shi ma Abdurra'uf yake zuwa da tsumma ɗaure a kan doguwar gora yana goge kashin tsuntsaye daga farantansa, ya hau ya leƙa tanki, ya bi wayoyi da ido. Ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Ka ce, "Lafiya." Shekara da shekaru maganarku ba ta wuce haka ba, kuma idonka na kansa har ya gama.

Mutanen gari ma ba su bar ka ba. Tunda ga ruwa a famfo kyauta, me dattijo yake nema a tsohon rami kowace safiya? Wasu suka ce akwai abin da ka binne a ciki. Wasu suka ce alkawari ne tsakaninka da mutanen ɓoye. Masu siyasa suka ce adawa ce kawai, don ba jam'iyyarka ta kawo aikin ba, alhali kai ko hular jam'iyya ba ka yarda ka sa ba saboda ba ka san wanda ya fara sa ta ba. Garin ya zama kowa na kallon kowa ta gefen ido a kan ruwan sha.

Sai wata tsohuwar rijiya da aka yi watsi da ita a ƙauyen da ke gaba da mu ta rufta da saniya mai ciki. Kwamitin ruwa na garinmu ya zauna ya yanke cewa duk rijiyar da ta mutu a cike ta da ƙasa, kafin wata rana a yi asarar rai. Hukuncin bai saɓa hankali ba. Da aka zo kan Rijiyar Kande kuwa, ba wanda ya iya tunkarar ka. Sai aka yi abin da muka saba yi wa dattijo in an rasa yadda za a yi da shi: aka yi maka kara. Aka ce a bar shi da abarsa, ai shekaru sun ja, in ta Allah ta kasance rijiyar za ta mutu da kanta, sai a cike ta ba tare da an ɓata wa kowa ba. A ɓoye aka yi maganar, amma kafin magariba ta iso kunnenka. Ka ce mini: "Ka ji, Ya'u, an haɗa mana ranar jana'iza ni da Kande." Ka yi dariya, ni kuwa ban iya yi ba.

Da ciwo ya kayar da kai a farkon azumi aka kawo ka Gumel, ni na yi jinyarka tare da ɗanka Habibullah. Aka sa maka robar nan ta numfashi a hanci. Ka bi wayar injin da ido har bango, ka tambayi ma'aikaciyar jinya, wata mai haƙuri da ake kira Saudat, ko wutar gwamnati ce. Ta ce a'a Baba, ta sola ce, ba ta ɗaukewa. Ka dube ni don ka ga ko zan yi magana. Na danne dariyata saboda azumi. Can sai ka ce: "To, madalla. Amma dai a ajiye mafici kusa."

Abin da ya tayar mini da hankali a jinyar nan ba tarin ba ne. Ka tambayi awaki, ka tambayi rumbu, ka tambayi ko an gyara dangar da iska ta kayar. Amma tun daga ranar da aka kwantar da kai har ranar da ka cika, ba ka ambaci rijiyar ba ko sau ɗaya. Habibullah a Gumel yake tare da mu, sauran 'ya'yanka maza suna Kudu wurin nema, kuma na san ba mai taɓa igiya a garin da famfo ke zuba. Ni ma ban tayar da maganar ba, don kada in fama maka ciwo. Na ɗauka ka sallama ne. A raina na ce mutumin da ya daina tambayar Rijiyar Kande ya riga ya yi ban kwana da duniya, kuma na fita bayan ɗaki na yi kuka tun kana da rai.

Ranar da muka kawo ka gida, motar ta bi ta gaban rijiyar. Abin da idona ya fara gani shi ne tulin yashi, sabo, cikin tifa guda, an juye shi dab da bakinta. Raina ya ɓaci. Ko wanka ba a yi maka ba, har an kawo abin da za a rufe ta da shi? Na tambayi wanda ya kawo, aka ce Abdurra'uf. Da muka sauka a ƙofar gida jama'a suka taso ana musabaha, shi ma ya zo a cikinsu. Na miƙa masa hannu, sai ya dunƙule nasa ya ba ni tsintsiyar hannu, kansa a sunkuye, kamar yadda mai cin tuwo ko mai kwaɓa ƙasa yake yi. Ba tuwo yake ci ba, ba gini yake yi ba. Na ce a raina, wanda ya kasa ba ka tafin hannunsa ranar mutuwa, akwai abin da yake ɓoyewa. Na lura da kowa haka ya yi wa, amma wannan bai rage mini komai ba.

Ana shirin wanka an riga an tara bokitai a bakin famfo, sai 'yarka Ummukulsum ta leƙo zaure ta ce mahaifiyarta na son magana da ni. Na tsaya a bakin ƙofa. Kyauta ta ce daga ciki, muryarta a dishe: "Malam Ya'u, da ruwan Kande za a yi wa Malam wanka. Tun ba yau ba ya gaya mini." Rijiyar da ta yi azumi guda da Salla ba a zura mata guga ba, a tsakiyar bazara, na san abin da za a tarar, domin kai ka koya mini. Na ji tsoron a jawo baƙin ruwa mai wari a gaban duk waɗanda suka yi maka dariya, su ga rijiyar ta riga ka mutuwa, ga kuma yashi a gefe yana jira. Na so in lallashe ta a yi da na famfo, ai ruwa ruwa ne a shari'a. Amma wasiyya ce, kuma mai takaba ce ke magana.

Ni da Habibullah muka tafi, mutane na biye da mu. Igiyar tana kan gwafarta a naɗe tsaf. Habibullah ya zura guga, muka ji ya taɓa ruwa, ya ja. Da gugan ya iso na tsoma hannu na kurɓa kafin kowa ya matso. Ɗantsoho, ruwan nan garau yake, da sanyinsa, da ɗanɗanon nan na ƙasarmu da na sani tun ina yaro. Da shi aka yi maka wanka, da shi aka kwaɓa ƙasar da aka liƙe kabarinka. Jama'a suka yi ta kabbara, wasu har suna cewa karama ce. Ni kuwa jininka ne a jikina. Ko a maƙabarta tunanin da nake yi shi ne: wa ya taɓa rijiyar nan, kuma me yake nema? Har na raya a raina ko ruwan tanki aka juye mata don a rufe mana baki a yi jana'iza lafiya, in an watse a zuba yashi.

Saboda haka washegarin sadakar uku, da aka sallame asuba, ban koma tabarmar makoki ba. Na je na zauna a bayan aduwar da ke kusa da rijiyar, inda kake zama, na ja rawani na rufe fuska. Gari ya fara haske sai ga Abdurra'uf da gorarsa. Ya goge farantansa ɗaya bayan ɗaya, ya hau ya leƙa tanki, ya bi wayoyi. Sannan ya jingine gorar, ya tsallako. Ya wuce tulin yashin ko kallonsa bai yi ba. Ya ciro tsummoki biyu daga aljihu ya naɗe tafin hannuwansa, yana cije leɓe, ya sauko da igiyarka, ya yi bisimilla, ya zura guga. Ya ja, ya kurɓa, ya juye a komi, ya sake zurawa.

Na fito. Ya razana har ya kusa sakin igiyar. Na ce ya buɗe hannunsa in gani. Ya yi jinkiri, sannan ya warware tsumman. Tafin hannun duk ya saluɓe, tsohon bororo ya fashe, sabo ya taso a kansa. Hannun da ya saba da sukudireba ne aka haɗa shi da igiyar rijiya mai zurfi, da bakin azumi.

Na ce, "Wa ya sa ka?"

Ya ce, "Baba ne, Kawu. Ranar da za a tafi da shi asibiti ya aika aka kira ni. Na ɗauka faɗa zai yi mini. Sai ya ce, tun ranar da aka kafa abin nan nake sa maka ido don in kama ka, ban kama ka ba. Ruwa ko iska, biki ko mutuwa, ban ga safiyar da ka fasa zuwa duba abin da aka ba ka amana ba. Duk garin nan kai kaɗai na bincika har ƙarshe. Ga igiya."

Na ce, "To kai da kake da injuna, me ya hana ka zura mata ƙaramin famfo ka huta?"

Ya ce, "Na faɗa masa haka. Ya ce da hannu. Wai inji ba ya ɗanɗana ruwa."

Na nuna yashin da sandata. Ya ce yashin na ɗaga bakin rijiyar ne a yi mata murfi, don kada a sami abin fakewa da shi. Ya ce hukuncin kwamiti a kan matacciyar rijiya ne, wannan kuwa duk gari sun shaida ranar Talata cewa da ranta. Na ce me ya sa bai gaya wa kowa ba. Ya ce kai ka hana shi, wai in mutane suka ji za su ce wani abu yake nema.

Na zauna a bakin komin. Sai a lokacin na gane shirun da ka yi a asibiti. Ba sallamawa ka yi ba, hankalinka ne a kwance, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarka da ka ba wani amana ka juya baya ba ka waiwaya ba. Amma bari in faɗa maka, taubashi, abin ya yi mini zafi. Ni na yi maka fifita, ni na ɗaga ka na kwantar, jinin Kande ne a jikina kamar yadda yake a naka, ka bar ni ina kuka a bayan ɗaki ba ka ce mini uffan ba. Har ni ba ka yarda da ni ba. Na buɗe nawa tafin hannun na duba, sumul, na mutumin da ya yi shekaru yana murɗa famfo a Gumel, ban kuma sake tambayar dalili ba.

Kada ka ɗauka na saki jiki. Kwamiti na nan, kuma waɗanda suka yi maka kara ba lalle su yi wa Abdurra'uf ba. Sola na ta ƙara yaɗuwa, ina kuma yi mata fatan alheri, domin na ga abin da ta yi wa matan garinmu, na ga kuma numfashin da ta ara maka. Amma ban san abin da zai faru ranar da farantan nan za su tsufa ba, ko ranar da za a wayi gari babu mai gora da tsumma. Na ce wa Abdurra'uf na ji bayaninsa a kan yashin, ban ce masa na yarda ba. Kafin in taso na zagaye tulin da sandata na yi masa zane a ƙasa, kuma duk Juma'a zan zo in ga ko bakin rijiya ya nufa ko cikinta. Shi ka bar masa igiya, ni kuma na ɗauki zaman gindin aduwa, ko ba ka ba ni ba.

Ya Allah, ga bawanKa Ilu ya zo maKa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Ka yafe masa zaton da ya yi wa bayinKa bisa kuskure, Ka yafe wa waɗanda suka yi masa. Ya shayar da makauniya da baƙo da dabbar da ba ta iya roƙo, Ka shayar da shi daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shan da babu ƙishi bayansa. Ka sanya kowane guga da za a ja daga Rijiyar Kande ya zama sadaka mai gudana gare shi da kakarmu. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kyauta, Allah Ya ba ki haƙuri da juriyar takaba. Ga Habibullah da Ummukulsum da 'yan'uwansu na gida da na nesa, Allah Ya albarkaci bayansa, Ya haɗa kanku. Ga jama'ar Tudun Aduwa, da makiyayan Laraba da za su zo su tarar ba mai tsare su da tambaya. Sannan ga Abdurra'uf, wanda ba a sa shi a layin masu karɓar gaisuwa ba, alhali shi aka bar wa gado mafi nauyi. Ranar da zan dawo Gumel na same shi a bakin rijiya na yi masa tawa gaisuwar. Ya sake miƙo mini tsintsiyar hannu, na kama ta da hannu biyu.

Ya'u Abdulƙadir
Gumel